Ɗana yana da sikila kuma na gaji: bangaskiyata ce ta kasa?

Tambaya: Mama, ina gaisuwa. Ɗanmu na fari yana da sikila, shekararsa bakwai. A bana kaɗai sau huɗu aka kwantar da mu a asibiti. Mun yi addu'a, mun yi azumi, dattawan ikilisiya sun shafa masa mai. Wata 'yar'uwa ta ce muddin ina ba shi magani ban miƙa shi ga Ubangiji da zuciya ɗaya ba, wani kuma ya ce mu binciki kanmu ko akwai zunubin da ba mu tuba ba. Ni kam na gaji. Nakan durƙusa in rasa abin faɗa. Maigidana ya daina magana a kan abin, ƙanwar yaron kuma ta zama sarkin rigima. Jiya yaron ya tambaye ni, "Mama, me ya sa Yesu bai warkar da ni ba?" Bangaskiyata ce ta kasa?

Amsa: 'Yata, sannu da jinya. Sannu da kwanan zaune.

Ba zan ce miki "ya mai jiki" ba, don na san abin da za ki amsa. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin yara kafin in koma hidimar ziyartar iyalan marasa lafiya a ikilisiya, kuma da wuya in tuna uwar da aka yi wa wannan gaisuwa ta amsa da wani abu in ba "da sauƙi" ba. Yaro yana murƙususu a kan gado, leda ta uku ke nan ana ƙara masa ruwa, idon uwar ya yi jawur, amma da an tambaya sai ta ce da sauƙi, mun gode Allah. Ladabi ne, ban ga laifinsa ba. Sai dai in mutum ya shekara bakwai yana faɗa wa kowa haka, wata rana zai wayi gari yana faɗa wa Allah ma haka, daga nan sai addu'a ta ƙafe masa, don babu sauran gaskiya a cikinta. Ina jin abin da ya same ki ke nan. Wasiƙar nan taki ta fi kama da addu'a fiye da da yawa daga cikin waɗanda nake ji a bakin gadon asibiti.

Bangaskiyarki ba ta kasa ba. Jikinki ne ya gaji, kuma an ɗora miki kaya biyu da ba naki ba a kan wanda kike ɗauke da shi. Kafin mu sauke su, buɗe Markus sura 9 daga aya 14, akwai mutumin da nake so ki gani.

Uba ne da ya kawo ɗansa wurin almajiran Yesu suka kasa yin komai. Yaron yakan zube ƙasa, bakinsa yana kumfa, yana cizon haƙora, jikinsa ya sandare. Da Yesu ya iso sai ya tarar da taro ana ta ka-ce-na-ce, malaman Attaura a gefe, almajirai a gefe, yaron da ubansa kuwa sun zama abin muhawara. Kin san wannan tsayuwar. Tambayar da Yesu ya yi wa uban ita ce wadda kowane likita yake farawa da ita: tun yaushe abin nan yake samunsa? Shi da ya san komai, me zai yi da amsar? A ganina ba don kansa ya tambaya ba. Mutumin nan ya sha jin ra'ayin mutane a kan ɗansa, amma ba a cika samun mai tsayawa ya ji labarinsa ba. Ya ce tun yana ƙarami ne, ya ce sau da yawa abin yakan jefa shi a wuta ko a ruwa. Ki yi tunanin gidan da ba a iya hura wuta da kwanciyar hankali, shekara da shekaru.

Sai ya ce, in kana iya yin wani abu, ka ji tausayinmu ka taimake mu. Bai ce ka taimake shi ba, ya ce mu. Ciwon da ya daɗe a jikin yaro, gidan gaba ɗaya yake kwantarwa. Bakan'aniyar nan ta Matiyu 15 ma 'yarta ce ba lafiya, amma cewa ta yi, Ubangiji ka taimake ni. Yesu ya tsai da uban a kan "in kana iya", gaskiya ne, amma ki ji abin da mutumin ya amsa: na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata. Rabin magana bangaskiya, rabi shakka, kuma a gaban jama'a. Yesu bai ce masa je ka gida ka cika ta ka dawo ba. Ya karɓe ta yadda ta zo. Daga baya da almajirai suka keɓe suka tambayi dalilin kasawarsu, maganar ƙarancin bangaskiya da ke Matiyu 17:20 su aka yi wa, masu hidimar, ba uban yaron ba. Yau mun juya abin: in an yi addu'a ba a ga warkarwa ba, mai addu'ar ya kaɗe rigarsa ya tafi, a bar uwa da laifi.

(Markus ya ce ƙazamin ruhu ne yake damun wannan yaron. Wannan labarinsa ne shi. Kada wani ya ɗauki ayar ya manna wa kowane yaro mai farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya sun kai miliyan 50, kuma har kashi 70 cikin 100 nasu za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace.)

To, kaya na farko, batun zunubi. An riga an yi wa Yesu wannan tambaya, kusan kalma da kalma, a Yohanna 9, a kan mutumin da aka haifa makaho: wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba. Ban san abin da ya rage a tattauna ba bayan wannan. Abokan Ayuba ma wannan hanyar suka bi, suka cika surori suna neman laifin da ya ɓoye, a ƙarshe Allah ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansu don ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Kwana bakwai ɗin farko da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, shi ne kaɗai aikin kirkin da suka yi.

Dalilin sikila sananne ne. Kowane yaro yana gadon ƙwayar halittar jini ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ke AS ce, wato kina da ƙwaya ɗaya lafiyayya (A) da ɗaya ta sikila (S), maigidanki ma AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato ciwon sikila, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Kowane ciki da lissafinsa, ba wai in ɗaya ya zo da ita sauran ukun sun tsira ba. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, suna yin kamar kwana 120. Na mai sikila, in iskar oksijin ta yi ƙasa ko ruwan jiki ya ragu, sai su lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su toshe ƙananan jijiyoyi, kuma kwana 10 zuwa 20 suke yi su mutu. Toshewar ce ke kawo azabar ƙashi, saurin mutuwar ce ke kawo ƙarancin jini da rawayar ido. Tun 1910 wani likita a Shikago mai suna James Herrick ya rubuta bayanin wannan siffa ta lauje. Kin san abin da ya sa AS ta yawaita a wasu al'ummai? Don tana kare ƙananan yara daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Wato abin da ake ce miki la'ana ce, shi ne ya raya kakanninki har aka kai ga haihuwarki. Ba ki zaɓi jininki ba, maigidanki bai zaɓi nasa ba. In ma kun san sakamakon gwajinku kafin aure kuka yi shahada, kuma abin yana cin ranki da dare, ki kai shi gaban Ubangiji sau ɗaya ki bar shi can. Ezekiyel 18:20 ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. Yaron nan ɗa ne, ba bulala ba.

Kaya na biyu shi ne wanda yake ba ni tsoro, don shi yana kashewa. Wata yarinya 'yar shekara tara tana zuwa mini a rai har yau. Farfaɗiya ce da ita, ta yi shekara biyu ba ta faɗi ba saboda magani. A wani taron addu'a aka ce ta warke, aka ce a zubar da ƙwayoyin don a nuna bangaskiya. Ba a yi mako ba aka kawo mana ita cikin dare tana jijjiga ba tsayawa. Muna kanta muna neman jijiya, na ɗaga kai na ga uban a bakin ƙofa, yana riƙe da takalmanta biyu a hannu ɗaya, ƙafarsa shi kuwa ba takalmi. Bai ma san da haka ba. Allah ya sa ta rayu. Wanda ya ce a zubar da maganin kuwa ko leƙowa bai yi ba.

Shaiɗan ya taɓa kai Yesu kan tsororuwar Haikali ya ce ya diro, har ya kawo masa aya daga Zabura 91 cewa mala'iku za su tallafe shi. Yesu ya ce kada ka gwada Ubangiji Allahnka. Tsai da maganin yaro don a tilasta wa Allah ya nuna kansa, dirowa ce daga wannan tsororuwa, kuma ba mai ba da shawarar ne zai diro ba, ɗanki ne. Bulus da aka warkar da mutane ta hannunsa yana yawo da Luka, wanda ya kira ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14. Da Timoti yake fama da ciwon ciki da yawan laulayi, Bulus shawarar abin da zai riƙa sha ya ba shi. Da Allah ya ƙara wa sarki Hezekiya shekara 15, Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Kutare goman da Yesu ya warkar, wurin firistoci ya tura su, domin bisa Shari'a su ne masu dubawa su tabbatar. Saboda haka duk ranar da wani ya ce miki ɗanki ya warke, ki ce amin, ki kai shi a yi gwajin jini, kuma kada ki taɓa maganinsa sai likita ya ce.

Tunda na sa hular aikina, bari in faɗi abin da nas za ta faɗa. Kwanciya huɗu a shekara ɗaya dalili ne babba na ki tambayi likitansa game da maganin haidiroksiyuriya, in bai riga ya fara ba. Yana ƙara irin jinin da jariri yake da shi tun yana cikin uwarsa, wanda ba ya lanƙwashewa, kuma yana rage yawan tashin ciwo da ƙarin jini; sai dai ana shan sa ne ƙarƙashin kulawar likita, tare da gwajin jini a kai a kai. Ki tambaya kuma ko akwai inda ake duba gudun jini a jijiyoyin kai da na'ura, gwajin da ake so a yi wa masu sikila 'yan shekara 2 zuwa 16 kowace shekara don kauce wa shanyewar ɓarin jiki. Ki ajiye ma'aunin zafin jiki a gida. In ya kai 38.5 ba a jira gari ya waye, domin saifar mai sikila ba ta yaƙar ƙwayoyin cuta yadda ya kamata. Haka in numfashi ya yi wuya ko ƙirji yana ciwo, in ya yi fari fat farat ɗaya cikinsa na hagu ya kumbura, in baki ya karkace ko hannu ya yi sanyi ya ƙi ɗaguwa. Da yake namiji ne, ki koya masa tun yanzu cewa in gabansa ya miƙe yana ciwo ya ƙi kwanciya, ya faɗa miki. Yara maza suna ɓoye wannan don kunya har a makara. Ki yi addu'a a hanya, kada ki tsaya yi a gida.

Yanzu ga wurin da ba zan yi miki daɗin baki ba. Yaron Markus 9 ya warke, naki bai warke ba tukuna. In na ɓoye wannan na zama kamar sauran. Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye ba. A bakin tafkin Baitasda marasa lafiya ne jibge, Yohanna 5 ya ba mu labarin warkar da mutum ɗaya, wanda ya shekara 38 a kwance. Bulus ya rubuta cewa ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, ya faɗa haka kawai ba tare da wani bayani ba. Shi kansa yana da abin da ya kira ƙaya a jiki, ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa, amsar da ya samu a 2 Korintiyawa 12:9 ita ce alherina ya ishe ka. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Wanda na fi so in kai iyaye wurinsa shi ne Mefiboshet, ɗan Yonatan. Yana da shekara biyar mai renonsa ta ɗauke shi tana gudu don ta cece shi, ya faɗi, ƙafafunsa biyu suka gurgunce. Mai ƙaunarsa ce, ceton ransa take yi, a hannunta kuma abin ya faru. Na sha tunanin yadda matar nan ta kwana a wannan daren. Da ya girma Dawuda ya aika aka nemo shi, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya ce a teburin sarki zai riƙa ci kamar ɗaya daga cikin 'ya'yansa. 2 Sama'ila 9 ta rufe da cewa yana ci kullum a teburin sarki, sai ta ƙara da cewa gurgu ne ƙafa biyu. Marubucin bai ga wani saɓani tsakanin maganganun biyu ba. An karɓe shi, an girmama shi, ya yi iyali har da ɗa mai suna Mika, ƙafafun kuma suna nan yadda suke. Ki ci gaba da roƙon warkarwa, ni ma ina roƙa tare da ke, Allah mai iko ne. Amma kada ki jingine rayuwar yaron nan sai ranar da ya warke. Ya yi makaranta, ya yi wasa daidai ƙarfinsa, a aike shi, in ya yi ƙarya a tsawata masa. Yaron da aka daina yi wa faɗa yakan gane cewa an cire rai da shi.

Gajiyarki kuma fa? Iliya ya kira wuta daga sama, bai daɗe ba sai ga shi a jeji ƙarƙashin wani itace yana roƙon mutuwa, yana cewa ya isa haka. Allah bai aiko masa da wa'azi ba. Mala'ika ya taɓa shi ya ce tashi ka ci, ya ci ya sha ya koma barci, aka sake tashinsa aka ce ka ci, tafiyar ta fi ƙarfinka. Sai bayan kwana arba'in aka zo maganar me kake yi a nan. Uwar da ta yi dare huɗu a kan kujerar asibiti tana ƙirga ɗigon ruwa, in ta kasa addu'a ba ja da baya ta yi ba, barci take ji. Ki bar azumi a irin waɗannan ranaku, jinya ma hidima ce. In kuma kin ga mako biyu ko fiye sun wuce ba kya jin daɗin komai, abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa ko an samu sarari, ko tunanin mutuwa yana zo miki, ki faɗa wa likita. Ciwon damuwa yana kama masu jinya sosai, kuma ana maganinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

In kin rasa kalmomi, ki ara. Zabura 13 ta tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a ayoyi biyu. Zabura 88 ba ta ma juyo ga yabo ba, da duhu ta ƙare, kuma an bar ta a cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah ba a cire ba. Ki karanta su da murya, kina shafa masa baya da tsumma mai ɗumi. In wannan ma ya gagara, Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu ne yake roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Nishin da kike yi in kin ji ya fara cewa "Mama, ƙafata", an ji shi.

Wani abu da na lura yana karya iyaye fiye da ciwon yau shi ne lissafin gobe. Wa zai aure shi, zai iya aiki, in na mutu wa zai riƙe shi. Manna da aka ba Isra'ilawa a jeji ta yini ɗaya ce, wanda ya ɓoye ta kwana sai ta yi tsutsa, in ban da ta jajiberin Asabaci. Shekara arba'in suna kwana ba komai a tukunya, suna tashi su tarar. Ƙarfin da za ki buƙata yana ɗan shekara sha biyar ba za a ba ki shi yau ba, shi ya sa in kin leƙa can kike ganin ba za ki iya ba. Shekara bakwai da suka wuce ma da an nuna miki su a dunƙule ranar da kika haife shi, da kin ce ba za ki iya ba.

Maigidanki ban san shi ba, amma na ga irinsa da yawa. Su ne masu tsayuwa a bakin taga, masu zuwa sayen magani da ba a aike su ba don kawai su sami abin yi. Namiji ya saba in abu ya lalace ya gyara, ga abin da ba ya gyaruwa a jikin ɗansa, kuma ya san rabin jinin nasa ne. Shirunsa ba lallai rashin damuwa ba ne. Kada ki ce masa zo mu yi magana, zai gudu. Ki ba shi aiki na musamman: shi ne mai kai yaron ganin likita wata mai zuwa, shi ne mai riƙe takardar sakamakon gwaji, shi zai tambayi likita batun maganin da na ambata. Maza da yawa bakinsu yana buɗewa ne in hannunsu yana aiki. Abu ɗaya kawai ku yi alkawari a kansa: ko cikin fushi, ba mai cewa daga danginku abin ya fito. Daga ku biyun ya fito, daidai wa daida.

Rigimar ƙanwarsa kuwa, kukan kurciya jawabi ne. Ta lura cewa a gidan nan wanda ba shi da lafiya ake ɗauka, to ita ma tana neman hanyarta. Ki ware mata ɗan lokaci nata ita kaɗai, ko na tsefe kai ne, wanda ba a ambaton asibiti. Ki gaya mata ba ita ta sa wa yayanta ciwo ba, kuma ba ciwon da ake ɗauka daga jikin wani ba ne, don yara suna ƙulla irin wannan tunani a ransu ba su faɗa. In ba a gwada jininta ba, a gwada.

Game da ikilisiya, kuskuren da masu jinya suke yi shi ne jiran a gane. Mutane suna cewa in akwai abin da za mu yi ki faɗa, ke kuma ki ce ba komai. Ki faɗa. Da hannuwan Musa suka gaji a kan tudu, Haruna da Hur ba su ce masa ya ƙara bangaskiya ba. Dutse suka kawo ya zauna, ɗaya ya riƙe wannan hannu, ɗaya wancan, har rana ta faɗi. Ki je wurin fastonku ko wata dattijuwa da kika amince da ita da buƙatu masu suna: mutum biyu ko uku da jininsu ya dace waɗanda za a iya kira in ana neman jini, wadda za ta riƙe yarinyar in an kwantar da ku, wadda za ta karɓe ki kwana ɗaya ki je gida ki yi barci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ita kuwa 'yar'uwar mai maganar magani, ba sai kin yi gardama da ita ba. Ki ce na gode, ki taya mu da addu'a, maganin kuma zai ci gaba da sha. In ta nace, ki daina ba ta labarin jikinsa. Ba kowa ne ya cancanci shiga ɗakin mara lafiya ba. A gidan Yayirus ma Yesu ya fitar da taron waje, ya shiga da uban da uwar da almajirai uku.

Akwai tambayar da ba ki rubuta ba, amma na ji ta a ƙarƙashin sauran: ko zai rayu ya girma. Ba zan yi miki alkawarin da ba a hannuna yake ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, a ƙasashen da ake gano ciwon tun jarirai kuma ake ba da kulawa sosai, fiye da kashi 90 cikin 100 na yara masu sikila suna kaiwa girma, kuma yawancin abin da ya kawo haka ba wani abin al'ajabi ba ne: rigakafi, maganin kare kamuwa da cuta, da gaggawar zuwa asibiti in zazzaɓi ya zo. Masu cewa mai sikila ba ya wuce shekara kaza, labarin da suke bayarwa ya tsufa. Na ga waɗanda na yi jinyarsu suna yara sun dawo gaishe ni da nasu 'ya'yan. Na kuma ga waɗanda muka rasa, kuma ban taɓa ganin an rasa ɗaya don uwarsa ba ta iya addu'a ba. In tsoron ya zo, ki faɗa wa Allah da sunansa. Shi ma ya san mutuwar Ɗa. Maryamu kuwa tun jaririnta yana da kwana arba'in aka gaya mata takobi zai soki zuciyarta, ta rene shi da wannan maganar a ranta, kuma ba wanda ya ce bangaskiyarta ta kasa.

Saura tambayar yaron. Ban san me kika amsa masa jiya ba, in ma kuka kika yi ba komai. Ki koma masa da maganar, kada ya ɗauka ya taɓo abin da ba a taɓawa. Ki zaɓi lokacin da jikinsa yake da daɗi, ba tsakiyar ciwo ba. Ki fara da tambayarsa shi me yake tsammani, domin sau da yawa yaro ya riga ya yanke wa kansa hukunci: don na yi rashin ji ne, ko don Yesu ya fi son wasu. Wannan za ki fara cirewa. Kada ki ce masa gobe zai warke, zai riƙe ki da maganar, kuma in goben ta zo ba ke kaɗai zai daina yarda da ita ba. Kada kuma ki ce Allah ne ya zaɓe shi don ya fi kowa ƙarfi; ɗan shekara bakwai zai ce a ba wani.

Ki ce masa wani abu kamar haka, da bakinki: "Ban san dalili ba, ni ma na tambaye shi. Amma na san ba don ka yi laifi ba ne, kuma ba don ba ya ƙaunarka ba ne. Shi ma ya taɓa jin ciwo sosai a hannu da ƙafa, ya san yadda yake. Za mu ci gaba da roƙonsa, za mu ci gaba da shan magani, kuma duk lokacin da ciwon ya zo ina nan." In ya ce yana fushi da Yesu, ki ce ya faɗa masa, ki zauna kusa da shi ya faɗa. In ya gama ya ce yana jin yunwa ko zai fita wasa, ki ba shi ruwa ya sha tukuna, ki bar shi ya tafi.